Shekarar da Malama Ladi Ta Faɗi a Aji Biyu

Ku ukun nan kun taso kuna jin magana guda a bakin dangin babanku: wai taurin kai ya sa aka kori uwarku daga makarantar 'yan kasuwa, wai ni na shiga tsakanin babanku da yayansa. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin a lokacin kuna ƙanana, kuma wanda maganar ta shafa baffanku ne. Yanzu kowannenku ya yi gidan kansa, ni kuma ido ya fara gajiya, don haka zan rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya ganin layin takarda. An kore ni, wannan gaskiya ne. Taurin kan ma ban musa ba. Abin da ba a gaya muku ba shi ne a kan me na yi shi.

Makarantar tana bayan kasuwa a gefen garin Bwari. 'Yan kasuwar da suka zo daga Kano da Katsina da Zariya ne suka haɗa ƙarfi suka gina ta, ajujuwa shida da ɗan ofis, don 'ya'yansu su huta da doguwar tafiya. Daga baya manoman ƙauyukan kewaye suka fara kawo nasu, har ya zama a benci ɗaya za ka ga Aminu da Danjuma da Yohanna. Baffanku Alhaji Sabo shi ne shugaban kwamitin makarantar, kuma ina so ku sani ba mugu ba ne. Shi ya ba da filin, shi ya riƙa bin shaguna ɗaya bayan ɗaya har aka yi rufi. Shi ya reni babanku bayan rasuwar mahaifinsu, ya kawo shi Abuja, ya ajiye shi a shagonsa na yadi. Ni ma da bakinsa aka ba ni shugabancin makarantar. Duk wannan na sani, kuma ina sane da shi ranar da na ce masa a'a.

A cikin malamai takwas da nake da su, babu kamar Malama Ladi mai aji biyu. 'Yar Gbagyi ce, Kirista, daga wani ƙauye da ke bayan duwatsu, tana zuwa a ƙasa tana komawa a ƙasa. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, takan ce wa namiji "ta" ta ce wa mace "ya", yara su yi ta dariya ita ma tana taya su. Amma yaron da ya shiga ajinta bai san baƙi ba, kafin damina ta fita yana karanta allon shaguna a kasuwa. Ke Fati kina ajinta a shekarar, kina da shekara bakwai.

Wata Laraba, an dawo daga tara ke nan, ina ofis na ji gudun yara. Na fito na tarar aji biyu sun watse a fili, wasu na kuka, malamai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa babu wanda ya shiga. Da na leƙa sai na ga Malama Ladi a ƙasa tsakanin allo da benci, jikinta na fizga, kanta na bugun siminti, kumfa na fita daga bakinta. Malam Haruna mai aji biyar ya tare ni da hannu.

"Madam, kada ki taɓa ta. Farfaɗiya ce. Kumfar nan ita ke yaɗa ciwon."

Na ce masa, "Matsa mini, Malam."

Wata malama ta miƙo cokali daga nesa wai a sa mata a baki, na ce ta mayar. Na janye bencin, na naɗe gyalena na tura ƙarƙashin kanta, na jira fizgar ta lafa, na juya ta a gefe, na share mata baki da bakin gyalen. An koya mana wannan a kwalejin horon malamai, amma ba kwaleji ce ta tura ni cikin ajin nan ba. Ina da ƙanwa a Zariya, Binta, wadda ba ku san ta ba. Ita ma ciwon gare ta. Ina makaranta ta faɗi kusa da murhu, mata cike da tsakar gida, kowa na tsoron kumfa, har zanenta ya kama. Kwana tara ta yi ta rasu. Ba ciwon ne ya kashe Binta ba, tsayawar da mutane suka yi ce. Tun ranar na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa zama cikin masu tsayawa a bakin ƙofa ba.

Da Malama Ladi ta farfaɗo na kai ta ofis na rufe ƙofa. Ta sunkuyar da kai ta fara magana.

"Madam, ciwon nan ta daɗe da ni, tun ina yarinya. Ina shan magani, shekara shida ban faɗi ba. Zazzaɓi na yi satin nan, duk abin da na sha sai ya dawo. Na ɓoye miki, ki yafe ni. Na san aikina ya ƙare."

Na ce, "Wa ya gaya miki ya ƙare? Ki je asibiti gobe, ki huta jibi, ranar Litinin ina son ganin ki gaban allo."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Kakarku Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta nuna gyalen da ke hannuna da sanda. Ta ce ba zai kwana a gidan ɗanta ba. Na miƙa mata, ta sa aka ƙona shi a bayan gida, na bar ta, domin gyale ba abin faɗa ba ne. Ta ware mini kofi da kwano, wannan ma na bar ta. Amma da ta ce Fati ba za ta sake taka ajin matar nan ba, sai na durƙusa a gabanta na ce, Inna, komai kika ce zan yi, ban da wannan. Idan shugabar makaranta ta janye 'yarta, wane uba ne zai bar tasa?

Inna ta ce, "To ki yi da 'yar wani mana. Wannan jinina ce."

Na ce, "Jinina ce ni ma, Inna. Da ina da shakka ko ƙanƙani, da ban kai ta ba."

Ranar Litinin yara biyar ne suka zo aji biyu, ke Fati ce ta shida. Na riƙe hannunki tun daga gida kina tirjewa, na zaunar da ke a bencin gaba. Malama Ladi ta zo, ta ɗauki alli, ta koyar da ku shida kamar ajin cike yake. Wajen azahar baffanku ya shigo ofis da takarda an riga an buga ta. Takardar sallamar Malama Ladi ce, ba abin da ya rage sai sa hannun shugabar makaranta, domin haka dokar da kwamitin ya yi da kansa ta ce. Ya yi mini magana a hankali, irin ta babban wa. Ya ce iyaye sun taru a shagonsa, ya ce makaranta da iyaye take tsaye, ya ce za a sallame ta cikin mutunci.

Na ce, "Yaya Alhaji, wane laifi zan ce ta yi?"

"Ba maganar laifi ba ce, Hadiza. Mutane na tsoro."

"To a ba ni wata ɗaya in yi maganin tsoron. Idan ciwon ana ɗauka ne, ni na share mata baki da hannuna, sai ku zuba ido ku gani."

Ya ba ni watan, ina jin don ya ɗauka zan gaji. Ban gaji ba. Kullum lokacin tara nakan shimfiɗa tabarma a barandar da ke kallon ƙofar makaranta, inda mata ke sayar da masa da ƙosai, in kira Malama Ladi mu ci a kwano ɗaya, mu sha a kofi ɗaya, duk wanda zai wuce kasuwa ya gani. Na je ƙaramin asibitin gari na roƙi wata nas ta zo ta yi wa yara da malamai bayani a filin taro, ta ce musu ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukar sa ta yawu ko numfashi, kuma magani na riƙe shi. Sannan na yi abin da ya fi jawo mini surutu. Na shiga aji biyu na kwanta a kan siminti da kayana, na ce wa yara su ɗauka ni ce na faɗi. Wa zai janye benci, wa zai sa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, wa zai ruga ya kira babba. Suka yi ta juya ni suna ƙyalƙyata dariya, muka maimaita har suka iya. Haka na bi sauran ajujuwan. Da yamma maganar ta zagaye kasuwa, wai matar Malam Isa, wato ni ke nan, ita ma abin ya kama ta, an gan ta tana birgima a ƙasa. Babanku ya dawo ranar bai iya cin tuwo ba.

Yara suka fara dawowa, yau biyu gobe uku, domin iyaye sun ga sati ya wuce, biyu sun wuce, ni da ke Fati muna nan lafiya lau. Da a nan abin ya tsaya, ina jin da baffanku ya yaga takardarsa. Sai ga wata safiya mai masar bakin ƙofa, wadda muke kira Maman Asabe, ta biyo ni ofis ta tsaya tana murza bakin zanenta. Shekara uku ina sayen masarta ban taɓa ganin Asaben ba, na ɗauka ta yi aure ne. Ashe shekararta tara, tana kulle a ɗaki, saboda ita ma takan faɗi. Ko rijiya ba a aiken ta, ko maƙwabta ba su san muryarta ba.

Ta ce, "Malama, na ga kina ci da waccan. Na ce ko tawa ma za a karɓa. Ko a bayan aji ne, ko a ƙasa ta zauna."

Na ce, "A benci za ta zauna. Ki fara kai ta asibitin nan a duba ta, sannan ki kawo mini ita."

Ranar da Asabe ta zo, hasken rana ma sai da ta kare ido. Na rubuta sunanta a rajista da hannuna, na kai ta ajin Malama Ladi. Ban nemi izinin kwamiti ba, domin ban taɓa neman izininsu kafin in ɗauki yaro ba, kuma ban ga dalilin farawa a kanta ba. Na san abin da zai biyo baya, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban sani ba.

Aka sa taron iyaye da kwamiti ranar Asabar. Ana gobe taron, bayan la'asar, babanku ya same ni ina wanki a tsakar gida ya ja kujera ya zauna. Kun san shi, ba mai yawan magana ba ne. Ya ce yayansa ya kira shi cikin shago, ya ce masa ya ja wa matarsa kunne, ta sa hannu ta kuma mayar da yarinyar gida, in ba haka ba shi ba zai iya kare ta ba.

Ya ce, "Maman Fati, mutumin nan shi ne ubana. A hannunsa na ci, a hannunsa na yi aure."

Na ce, "Na sani, Malam. Ban ce ka zaɓa tsakanina da shi ba. Idan ka ce in ajiye aikin in zauna a gida, gobe zan ajiye. Amma kada ka ce in sa hannu a takardar nan, domin zan saɓa maka, kuma ba na son ranar da zan saɓa maka ta zo."

Ya jira na gama ɗauraye kayan. Sannan ya ce, "Kin tabbata babu abin da zai sami yaran mutane?"

"Na tabbata."

"To kada ki sa. Sai dai ki sani ba ke kaɗai za ki ɗauki nauyin ba."

Ajin shida aka yi taron, ya cika har tagogi. Baffanku ya tashi ya ce da ɗaya ce, yanzu sun zama biyu, gobe kuma ba a san nawa za a kwaso ba, makaranta ce aka gina ba asibiti ba. Wasu suka ce haka ne. Ya ajiye takardar a kan tebur ya ɗora biro a kai, a gaban kowa. Ina jin ya ɗauka kunyar idon jama'a za ta sa in ɗauka. Na miƙe na gaishe da dattawa, na ce musu wata guda ke nan ina ci da sha da Malama Ladi, 'yata na zaune a gabanta, ga mu. Na ce duk uban da ɗansa ya koyi karatu a hannunta ya tuna da wannan kafin ya yi magana. Na ce yarinyar da suke tsoro shekararta tara ba ta taɓa riƙe fensir ba, kuma a ƙofar makarantarmu uwarta ke soya wa 'ya'yansu masa. Sannan na juya ga baffanku.

"Yaya Alhaji, ina ganin girmanka, kuma ba zan manta alherinka ba. Amma hannuna ba zai rubuta wannan ba. Kujerar taku ce, kuna iya karɓa. Hannun nawa ne."

Sai Malam Haruna, shi ɗin da ya tare ni a bakin ƙofa ranar farko, ya tashi daga baya. Ban san malaman sun yi shawara ba. Ya ce shi ne ya fara cewa kada a taɓa ta, kuma tun ranar yake jin kunyar kansa. Ya ce malamai sun zauna sun yanke, idan aka sallami Malama Ladi ko aka mayar da Asabe gida, dukkansu za su ajiye alli ranar Litinin. Jarrabawar 'yan aji shida saura sati uku. Nan take iyayen da ke cewa haka ne suka fara kallon juna.

Kwamiti ya shiga ofis ya fito da hukunci. Malama Ladi za ta ci gaba da aiki, Asabe za ta zauna, amma shugabar makaranta za ta tafi saboda rashin biyayya. Dole a ba baffanku wani abu ya rufe fuskarsa da shi, kuma ni ce abin. Malamai suka so su sake tayarwa na hana su, domin abin da na tsaya a kai ya samu. Malama Ladi ta same ni ina kwashe littattafaina, ta ce ita za ta rubuta takardar barin aiki a mayar da ni.

Na ce, "Idan kika tafi, to a banza aka kore ni. Koma ajinki."

Daga nan sai nauyin da babanku ya faɗa ya sauko. Baffanku bai kore shi ba, amma ya daina amsa gaisuwarsa, ya riƙa aika masa saƙo ta bakin wasu alhali suna shago ɗaya. Wata biyu ya jure, sannan ya ajiye makullai ya sami aikin lura da kaya a wani sito a Idu, mutumin da bai taɓa aiki a ƙarƙashin bare ba ya koma cewa oga. Bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma babu makarantar kusa da ta yarda ta ɗauke ni, domin masu makarantun duk sun san Alhaji Sabo. Sai a Abaji na samu. Mai makarantar can ya karanta takardar sallamata ya tambaye ni ko gaskiya ne na ƙi bin umarni. Na ce gaskiya ne. Ya ce zan sake? Na ce idan aka sake kawo mini irin waccan takarda zan sake. Sai ya ce in fara ranar Litinin.

Shekara huɗu na yi ina tafiya Lahadi ina dawowa Juma'a. Malama Ladi ta sake faɗuwa sau ɗaya a shekara ta biyu, aka ce yara ne suka janye benci suka juya ta kafin babba ya iso, kuma washegari ajin a cike yake. A makarantar ta yi ritaya. Asabe ba ta zama likita ba, ba ta zama kowa ba a idon duniya. Ta gama aji shida, tana da ɗan teburinta a kasuwa, kuma da kanta take karanta takardar maganinta.

Ku kuma ga abin da kuka biya. Kai Umar a hannun Inna aka yaye ka, har ka kai shekara huɗu ita kake kira Mama, ni kuma kana ɓuya a bayanta in na shigo. Kai Sadiƙu ka yi jarrabawar shiga sakandare ba ni nan, ka karye a hannu ba ni nan. Ke Fati yaran unguwa sun daina wasa da ke kusan shekara, suna kiran ki 'yar mai kumfa, kuma ba ki gaya mini ba sai da kika girma. Wata Lahadi kin raka ni tasha ke da babanku, na shiga mota na zauna, kika matso jikin taga kika tambaye ni a hankali.

"Mama, kin fi son Malama Ladi a kanmu ne?"

Direba ya tayar da mota kafin in sami abin faɗa, na yi kuka har Gwagwalada. Ga amsarki yau, ko da ta makara. Ban fi son kowa a kanku ba. Na cire muku shekara huɗu na uwa ba tare da na shawarce ku ba, kuna ƙanana ba ku da bakin cewa a'a, kuma babu abin da zan rubuta a nan da zai mayar muku da su. A kan wannan ina neman gafararku, ku uku, kowa da sunansa. Amma a kan takardar da na ƙi sa wa hannu, ban nemi gafarar kowa ba ina da ƙarfina, kuma kada wani cikinku ya je ya nema mini bayan raina.